Zafin da ke bin hayaƙi: yadda wutar tuwon dare za ta iya ɗumama ruwan asuba a Tahoua

A watannin Disamba da Janairu, tun kafin ladan ya kira assalatu, akwai hayaƙin da ke tashi daga gidajen Tahoua wanda ba na girki ba ne. Ruwan da ya kwana a tsakar gida cikin randa ko bido ya yi sanyin da tsoho ba zai iya alwala da shi ba, balle a yi wa yaro wanka kafin ya tafi makaranta. Don haka uwargida ke tashi cikin duhu ta hura wuta, daga Bilbis har Wadata da Sabon Gari, kuma abin ya fi tsanani idan aka nausa arewa wajen Abalak da Tchintabaraden, inda ɗari ya fi cizo. Awa takwas ko tara kafin haka, a kan wannan murhun aka tuƙa tuwon dare, kuma mafi yawan zafin waccan wutar bai shiga tukunya ba. Sama ya yi tare da hayaƙi. Ke nan gidan ya sayi itace sau biyu, alhali zafin da ya zube da magariba ya isa ya biya buƙatar asuba.

Lissafin ba shi da wuya. Masana suna auna zafi da ma'aunin da ake kira kilokalori, wato zafin da ke ɗaga lita guda ta ruwa da digiri guda. Kilo guda na busasshen itace yana ɗauke da kimanin kilokalori 3,800. A murhun duwatsu uku da ke fili, inda iska ke kaɗa harshen wuta yadda ta ga dama, abin da ke shiga tukunya bai cika wuce kashi 15 cikin 100 ba, wato kusan 570 daga kowane kilo. Bokiti mai lita 20 kuwa, idan ana so a ɗaga ruwansa daga digiri 20 zuwa 45, wanda ya isa wanka, yana buƙatar 500. A taƙaice, bokiti guda na ruwan wanka yana cin kusan kilo guda na itace.

To a ɗauki gidan da ke ƙona kilo 5 a yini wajen girki. Zafin da ke cikin itacen ya kai 19,000, kuma kimanin 16,000 daga ciki yana ɓacewa. Ba mai iya kama shi duka. Amma ko kashi ɗaya cikin goma aka tare, an sami 1,600, ruwan wankan mutum uku ke nan, ba tare da an ƙara ko tsinke a wuta ba.

Inda itacen ruwan zafi yake tafiya da gaske

Ruwan alwalar lokacin ɗari na wata biyu ne ko uku. Wanda ya fi shi cin itace shi ne wankan jego, kuma shi ba ruwansa da ɗari ko bazara. Mai jego tana wanka da ruwan zafi safe da yamma har kwana arba'in, a wasu gidaje ma fiye da haka idan haihuwar fari ce. Tanadin itacen yana kan maigida, kuma a Adar, inda magidanta da yawa ke tafiya biɗa Abijan ko Libiya, kuɗin itacen jego na cikin saƙon da ake jira daga waje tun ciki yana wata bakwai. Idan aka ce tukunyar wankan tana cin lita 50, kuma ana kai ta ga tafasa daga digiri 25, kowane wanka zai ci itace kilo shida da rabi a murhun duwatsu. Sau biyu a yini, kwana arba'in, abin ya haura kilo 500. Rabin tan na itace ke nan a kan haihuwa guda.

A nan ne tare zafin ya fi riba, domin wutar wankan safe tana da girma, kuma abin da take zubarwa ya isa ya ɗumama ruwan wankan yamma. Idan ruwan da za a ɗora ya riga ya kai digiri 50 maimakon 25, kashi ɗaya cikin uku na itacen ya ragu.

Akwai abin da ya kamata a faɗa a gefe game da zafin ruwan kansa. Ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙoƙi, ta jariri kuwa ta fi saurin ƙonewa. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa da tsananin zafin wankan jego, da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da yawan kunun kanwa. Binciken da ya biyo baya a Yamai da Kano ya ƙaro wasu dalilai, cikinsu har da ƙarancin wani sinadari a jini mai suna seleniyam. Duk da haka, ba likitan da zai ce a zuba wa mai jego tafasasshen ruwa. Sauƙin samun ruwan zafi bai zama dalilin ƙara masa zafi ba.

Itacen da ake maganar ragewa kuwa ba a banza ƙasar Adar ta same shi ba. Bayan farin shekarun 1970 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, wajen Bouza, daga shekarar 1975, don tare iska. A 1984 aka buɗe babban aikin Keita da tallafin ƙasar Italiya da hukumar FAO, inda mata suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka ana gina shingayen tare ruwa, aka dasa miliyoyin itatuwa a kan tuddan da suka zama fako. Dokar shekarar 1992 ta kafa kasuwannin itace na karkara, don mutanen ƙauye su riƙe dajinsu su kuma ci moriyarsa. Da duk wannan, wanda ya tsaya bakin hanyar shiga Tahoua da safe zai ga amalanken jaki suna shigowa da sabara da geza, kuma a ƙauyuka da yawa karan hatsi da kashin shanu, waɗanda gona ke buƙata, su ne ke shiga murhu. Gaz ɗin da matatar Zinder ke fitarwa tun ƙarshen 2011 ya shiga gidaje da dama a birni, sai dai ko a gidan da ke da shi, babbar tukunyar ruwan wanka a kan itace ake ɗora ta.

Zafin da ya wuce tukunya shi ne na banza

Akwai ƙa'ida guda da duk dabarun suka rataya a kanta, kuma a kanta ne masu gwadawa suka fi yin kuskure. Zafin da bai riga ya isa gindin tukunyar girki ba, ba asara ba ne. Wanda ya sa tiyon ruwa a tsakiyar harshen wuta, ƙarƙashin tukunya, zai sami ruwan zafi da sauri, amma daga tuwo ya sato zafin. Girki zai daɗe, mai girki za ta ƙara itace, wuta za ta yi ta hayaƙi domin ƙarfe mai sanyi yana kashe mata ƙarfi. A ƙarshen wata itacen da aka saya bai ragu ba, wataƙila ma ya ƙaru. Abin da ake nema shi ne zafin da ya gama lasar tukunya yana kan hanyarsa ta fita, da kuma wanda ya rage a garwashi da jikin murhu bayan an sauke.

Wannan ne ya sa murhun duwatsu uku bai ba da dama sosai. Zafinsa yana watsewa ta kowace kusurwa, ba wata hanya guda da za a tare shi. Murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, wanda aka fara yaɗawa a ƙasar nan cikin shekarun 1980, da na ƙasa da ake kira Albarka, sun killace wuta sun rage cin itace, amma su ma zafinsu yana fita ta gefen tukunya ne kai tsaye. Sai an yi wa hayaƙi hanya, sannan za a iya ajiye ruwa a kan hanyar.

Matan Adar sun riga kowa sanin mataki na farko. Da an kwashe tuwo, akan zuba ruwa a tukunya a mayar kan garwashi, ko a jingina buta a jikin dutsen murhu tun ana girki. Dabara ce mai kyau, kuma inda take faɗuwa ba a wajen kama zafi ba ne, a wajen riƙe shi ne. Tukunyar alminiyam da aka bari a buɗe cikin iskar hunturu ta huce kafin tsakar dare. Idan aka rufe ta da marfi mai kama baki, aka sauke ta cikin kwando ko kwali da aka shimfiɗa wa tsumma, ko buhun da aka cika da ƙaiƙayi ko auduga, aka kuma lulluɓe samanta da tsohon bargo, ruwan da ya yi zafi da lisha zai kai asuba da ɗuminsa. Sama ce ta fi zubar da zafi, don haka lulluɓin marfi ya fi na gefe muhimmanci. Wannan ba ya cin ko dala, kuma gidan da bai yi shi ba, ba shi da dalilin kai kuɗinsa wurin mai walda.

Mataki na biyu shi ne murhu mai baki biyu. Ana gina shi da yumɓu da aka cakuɗa da ƙaiƙayi ko kashin jaki, wuta tana ƙarƙashin bakin farko inda ake girki, sai a yi rami gajere da zai kai hayaƙi ƙarƙashin baki na biyu, daga nan ya bi bututu ya fita sama. A baki na biyu ake zaunar da tukunyar ruwa, a nutsa ta har kusan wuya. Sirrin aikin yana cikin tazarar da ke tsakanin tukunyar da bangon murhu. Idan ta yi faɗi, hayaƙi zai wuce ta tsakiya bai taɓa tukunya ba. Idan ta matse, wuta za ta shaƙe. Kimanin kaurin ɗan yatsa ya isa, kuma akan ɗan tayar da ƙasan ramin a ƙarƙashin tukunya ta biyu don a tilasta wa hayaƙi ya goge ta. Kada a yi wa murhun katon jiki. An taɓa yaɗa irin wannan murhu mai kauri a Guwatemala cikin shekarun 1970, daga baya awo ya nuna cewa tulin ƙasar yana shanye zafin da ake son tarewa. Ƙaiƙayin da ake cakuɗawa a yumɓu amfaninsa ke nan: yana ƙonewa ya bar ƙananan ramuka, jikin murhu ya yi sauƙi ya rage shan zafi.

Bututun yana kawo wata riba da ba ta cikin lissafin itace. Yana fitar da hayaƙi daga madafa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutum kusan miliyan 3 a shekara, mata da ƙananan yara ne kuma suka fi shaƙarsa.

Wanda ya riga ya sa bututun ƙarfe yana iya ƙara wani abu: a sa maƙeri ya ƙera gwangwani mai rami a tsakiya, bututun ya ratsa ta cikinsa, ruwa ya kewaye shi. Tsarin tukunyar shayin Rasha ke nan da ake kira samobar, kuma a ƙauyukan Indiya da haka aka daɗe ana dafa ruwan wanka. Mutanen Koriya da arewacin Sin sun kai abin nesa, domin hayaƙin madafa suke bi da shi ƙarƙashin daɓen ɗaki ko gadon kwana kafin ya fita. Bahaushe da ya san gadon ƙasa na mai jego ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Tiyo da tano

Dabarar da ta fi burge matasa masu kallon bidiyo a waya ita ce ta tiyon jan ƙarfe da aka naɗe kamar gammo, aka haɗa shi da tano. Ba ta buƙatar inji ko lantarki, domin ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi. Ana ɗora tanon a kan dakali, gindinsa ya fi naɗin tiyon tsawo. Tiyo guda yana fita daga ƙasan tano zuwa ƙasan naɗin, wani kuma yana tashi daga saman naɗin ya koma cikin tano ta can sama, amma ƙarƙashin inda ruwa ya tsaya. Da hayaƙi ya gasa naɗin, ruwan cikinsa sai ya hau ya zuba a tano, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa, haka zai yi ta zagayawa muddin wuta na ci. Sharaɗin shi ne tiyon da ke hawa kada ya lanƙwasa ƙasa ko sau ɗaya, domin iska za ta taru a lanƙwasar ta tsayar da zagayen. Wajen naɗe tiyon, akan cika shi da busasshen rairayi a toshe bakunansa, sannan a naɗe shi a jikin gungume, don kada ya karye ko ya lotse. Mazauninsa kuwa cikin bututun hayaƙi ne ko bayan tukunya, ba cikin wuta ba.

Yawancin masu farawa suna zaɓar tano cikakke mai lita 200, kuma kuskure ne. Zafin nan 1,600 da aka lissafa a sama, idan aka raba shi ga lita 200, digiri 8 kawai zai ƙara, ruwan da ba a ce masa mai sanyi ba, ba a ce masa mai ɗumi ba. A lita 50 kuwa zai ƙara digiri 32. Ga kuma nauyi: tano cike da ruwa ya haura kilo 200, kuma a tsakar gidan da yara ke wasa, dakalin da zai ɗauke shi ba na jeren bulo biyu ba ne.

Haɗarin da ya fi kowanne shi ne tururi. Lita guda ta ruwa idan ta zama tururi tana neman wurin da ya ninka nata kusan sau 1,700. Tano da aka rufe ruf, ko naɗin tiyo da aka sa wa makunni a bakunansa biyu, bam ne ke jiran ranarsa. A Ingila, inda aka daɗe ana sa tukunyar ruwa a bayan murhun ɗaki, an sami fashewar da ta yi kisa a gidajen da aka toshe tsohuwar tukunyar aka ci gaba da hura wuta a gabanta. Saboda haka saman tano a bar shi da marfin da ke ɗagawa da kansa, kada a sa makunni ko ɗaya tsakanin tano da naɗi, famfon ɗibar ruwa kuma a sa shi sama da bakin tiyon da ke dawo da ruwan zafi, yadda ko an ɗebe ruwa, zagayen ba zai yanke ba. Idan aka yi rashin sa'a naɗin ya bushe a kan wuta, kada a zuba masa ruwa sai ya huce. Garin neman gira ba a so a rasa ido.

Sai maganar kayan aiki, domin a kasuwar tsofaffin ƙarafa ake samun arha, kuma a nan ake sayo cuta. Lagireton mota ya sha ruwan sanyaya inji mai guba, kuma tsofaffinsa da dalma aka liƙe su. Tiyon tsohon firij ya yi siriri, ga mai a cikinsa. Tanon da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari na gona, irin wanda ke yawo a yankin masu noman albasa, ba wankin da ke tsarkake shi. Tiyon roba kuwa ba ya kusantar bututu. Ko da kaya masu kyau, ruwan tanon na wanka ne da wanke-wanke, ba na sha ba, kuma a yi amfani da shi cikin yini guda, domin ruwa mai ɗumi-ɗumi da ya daɗe a ajiye gidan ƙwayoyin cuta ne. Unguwar da ruwanta ke barin farin ɓawo a gindin butar shayi, haka zai bar shi a cikin tiyo har ya toshe shi. Alamar ita ce a ji naɗin yana ƙara kamar ana buga shi, ko a ga ruwan ya daina zafi kamar da. Ta waje kuma baƙin hayaƙi yana taruwa a jikinsa ya hana zafi shiga, sai an riƙa kankare shi a kai a kai. Idan aka sanyaya hayaƙi fiye da kima, bututu zai daina ja, wani abu mai danƙo kamar kwalta ya taru a cikinsa, wanda wata rana yake kamawa da wuta. Danyen itace ya fi kawo wannan.

Idan aka haɗa kuɗin jan ƙarfe da walda da wannan kulawa, tiyo da tano ba na kowane gida ba ne. Sun dace da wurin da wuta ke ci tun safe har dare kuma ake wanke-wanke ba hutu: masu tuwon sayarwa a tasha da kasuwa, gidajen burodi, madafar makarantun kwana. Ga gidan da ke girki sau biyu a yini, tukunya ta biyu da lulluɓi mai kyau za su kawo mafi yawan ribar da kuɗi kaɗan.

Wani zai ce ina amfanin duk wannan a ƙasar da rana ta yi wa yawa. Gaskiya ne, kuma tun zamanin Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda ya shugabanci ofishin makamashin rana na ONERSOL daga 1969, ake ƙera na'urar ɗumama ruwa da rana a Yamai. Baƙin bido da aka ajiye a rana tun hantsi yana ba da ruwan wankan la'asar kyauta. Sai dai buƙatar da ta fi matsa wa gidaje ta asuba ce, a watannin da ƙurar hunturu ke dushe rana, kuma wutar magariba ta fi kusa da asuba. Hanyoyin biyu ma suna haɗuwa: ruwan da ya sha rana a bido shi za a juye a tukunya ta biyu da yamma, ya fara daga ɗumi maimakon sanyi.

Abu guda da ba a yi, komai ɗari, shi ne shigar da murhu ko kaskon garwashi cikin ɗaki a rufe ƙofa don ruwa ya kwana da zafi. Garwashi yana fitar da iskar guba da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum cikin barci. Tukunyar da aka lulluɓe ita ke shiga ɗaki, wutar ta tsaya a waje.

Wanda ya gina ɗaya daga cikin waɗannan yana iya gane ko ya ci riba ba tare da wani ma'auni na musamman ba. Ya ƙirga daman itacen da gidan ya ƙona cikin mako guda kafin aikin, da girki da ruwan zafi duka, sannan ya sake ƙirgawa mako guda bayansa, da irin itacen da irin girkin. Idan adadin bai sauka ba, ko mai girki ta ce tuwo ya fara daɗewa kafin ya nuna, to naɗin ko tukunyar ruwan ta matso kusa da wuta, sai a ja ta baya wajen bututu a sake ƙirga wani makon.